Katifar Alhaji Datti a Ajin Kalkulas

Nasrullahi ya riga ya faɗi darasin lissafi na kalkulas na aji biyu sau ɗaya, ga shi yanzu yana ajin ƙarshe kos ɗin na nan rataye a wuyansa. Idan ya sake faɗuwa bana, abokan karatunsa na sashen injiniya za su tafi bautar ƙasa su bar shi a jami'a, ya ƙara shekara guda cur saboda darasi ɗaya tak. Gwajin tsakiyar zango kuwa bai yi masa kyau ba. Abin da ya rage masa kafin babbar jarrabawa shi ne makin gabatarwa a gaban aji, kuma ya san idan bai kwashi mafi yawansa ba, maganar ta ƙare.

Kalkulas na aji ɗaya bai ba shi wahala ba. A can layi guda ne, abu ya hau ko ya sauka. Amma a wannan sai aka ce tsayin wuri, wato z, ya dogara ga abu biyu, x da y: nisan da ka yi gabas da nisan da ka yi arewa. Ƙasa ce sukutum mai tudu da kwari, kana iya tsayawa wuri guda ka ga hawa ta wannan fuska, gangara ta waccan. Nasrullahi ya fuskanci abin da makamin da ya fi ƙwarewa a kai, wato hadda. Ya haddace ƙa'idoji, ya haddace misalai har da inda malama ta yi kuskure ta goge. Ranar jarrabawa aka canja lambobi, komai ya zube.

Malamar ita ce Dakta Catherine, 'yar kudancin Kaduna. Da Turanci take koyarwa, amma idan ɗalibai suka kai ta bango sai ta juya Hausa, irin Hausar da ba ruwanta da mace ko namiji. Ita ce ta raba su uku-uku, ta ce kowane rukuni ya kawo wani abu na gaske daga gida wanda zai nuna wurare uku: tudu, inda ko'ina ka juya sauka ce, kwari, inda ko'ina ka juya hawa ne, da kuma sirdi, inda ta wata fuska kana ƙololuwa, ta wata fuskar kana can ƙasa, kamar tsakiyar sirdin keke.

Rukunin Nasrullahi shi ne shi, da Khairat, wadda ta fi kowa kai a ajin kuma ba ta ɓoyewa, da Manniru, ƙaton saurayi mai sanyin hali da ba ya rabuwa da kular abinci.

"Tandar waina za mu kawo," in ji Khairat. "Ramuka ne birjik."

"Rukuni huɗu sun riga mu," in ji Manniru. "Har da masu kirat ɗin ƙwai."

A daren nan kafin ya yi barci, Nasrullahi ya mirgina ya faɗa ramin da ya saba faɗawa, sai ya tashi zaune. Katifarsa ce. A kanta suka girma shi da yayansa Abdulbasit, kowa da gefensa, har kowa ya haƙa raminsa da nauyin jikinsa. Abdulbasit ya yi aure ya bar gidan, amma raminsa na nan. Tsakanin ramukan biyu akwai wata 'yar gaɓa, kan iyakar da suka sha dambe a kanta, sirdi ne tsaf. Wajen ƙafa kuma soson ya dunƙule ya yi ƙullutu, ga tudu nan. Allah ya haɗa masa komai a wuri guda.

Sati guda ya yi yana aiki a kanta. Ya yaye zanin gado, ya ja layuka a tsaye da a kwance da alƙalamin maka, ya auna zurfin kowane mahaɗi da rula. Khairat ta ɗauki lambobin ta fitar da ƙa'idar da ta yi daidai da su, Manniru ya kawo lemon zaƙi wanda za a riƙa saki ya gangara don a ga inda ƙasa ta karkata. Shi kuwa Nasrullahi ya zauna ya haddace duk abin da zai faɗa, har da inda zai yi murmushi.

Saura yadda za a kai katifa daga gidansu a unguwar Gwarinpa zuwa makaranta. Wannan bai kamata ya zama matsala ba, domin mahaifinsa, Alhaji Datti, katifa yake sayarwa. Bakatsine ne, shagonsa na cikin manyan shagunan katifa a Gwarinpa, kuma yana da a-kori-kura da direba.

"Baba, ina son aron mota gobe da safe. Katifata za a kai mini makaranta."

"Ɗaki suka ba ka a can?"

"A'a, aji za a kai ta. Zan nuna ta a gaban malama da ɗalibai."

Alhaji ya ajiye kofin shayinsa, ya tashi ya leƙa ɗakin. Ya daɗe yana kallon katifar: ramuka biyu, ƙullutu, tabon koko na shekaru, ga layukan maka kamar an yi dara a kanta.

"Mutum nawa ne a ajin?"

"Sun fi ɗari."

"Kuma sun san ɗan wane ne kai?"

"Wasu sun sani."

"To," in ji Alhaji. "Ka yi gaba da safe. Ɗangoggo direba zai kawo maka."

Nasrullahi ya yi godiya ya tafi yana jin daɗin yadda abin ya zo da sauƙi.

Washegari aka fara gabatarwa. Masu tanda suka yi nasu, masu kirat ɗin ƙwai suka yi, wani rukuni ya kawo kwanon rufi da Dakta ta kora saboda babu tudu a cikinsa sai kunya. Ana saura rukuni ɗaya kafin nasu, Ɗangoggo ya kira ya ce yana bakin ƙofa. Ɗangoggo dattijo ne siriri, ya fi shekara ashirin yana tuƙa wa Alhaji kaya. Nasrullahi da Manniru suka fita da sauri.

A bayan motar, katifa ce sabuwa fil cikin leda, fara tas, mai kauri kusan taƙi guda, irin ta masu ciwon baya.

"Kawu, ina tawa?"

"Ga ta nan, Injiniya. Alhaji da kansa ya zaɓa. Babu irinta a shagon."

Nasrullahi ya ja gefe ya kira mahaifinsa.

"Baba, ba wannan ba ce. Tsohuwar nake nufi."

"Na san wadda kake nufi. Ni Datti mai katifa, a ga ɗana ya shimfiɗa wancan tsumman a gaban mutum ɗari? 'Ya'yan manya na ciki, kowa da waya a hannu. Gobe a ce ga irin abin da muke kwana a kai?"

"Baba, ramukan ake so. Su ne aikin."

"Wace malama ce za ta so rami? Wannan da na aiko shekara goma za ta yi ba ta lotsa ba. Ka faɗa mata haka."

"Don Allah a kawo tsohuwar, akwai sauran lokaci."

"Tana hanyar Karshi tun da asuba, na ba mai gadin gona. Ka ce wa Ɗangoggo kada a cire leda."

Da suka shigo da katifar ajin ya kaure da tafi. Khairat ta dube ta, ta dubi takardun lissafinta, ta dubi Nasrullahi.

"Mene ne wannan?"

"Baba ne."

"Ka san ƙa'idar wannan? Z daidai yake da lamba guda da ba ta canjawa. Ko ɗan firamare ya sani. Sati guda na yi a kan ramin yayanka!"

Suka shimfiɗa ta a ƙasa gaban allo. Ɗangoggo ya biyo su ya tsaya a gefe da hannu a baya, yana gadin leda. Dakta Catherine ta zagaya katifar sau ɗaya, ta danna ta da ɗan yatsa, yatsan ya dawo.

"Bismillah," ta ce. "Muna ji."

Nasrullahi ya buɗe baki, hadda ta fito da kanta. "Kamar yadda kuke gani, a nan hagu akwai kwari mai zurfi…" Ya nuna wurin. Babu komai sai hoton wata mata tana barci tana murmushi a jikin leda. Don ya sami abin yi, ya karɓi lemo daga hannun Manniru ya ajiye a kan katifar. Lemo ya zauna. Ya matsar da shi tsakiya, ya zauna. Ya kai shi kusurwa, ya zauna daram kamar ya biya haya.

Dakta ta juya Hausa. "Nasrullahi, wannan katifa naka bai da komai. Ina gangara?"

"Babu, Ma."

"Babu nawa ne a lissafi?"

"Sifiri." Ba shi da abin da zai karanto, dole ya kalli abin da ke gabansa. "Idan na bi ta x, tsayi ba ya canjawa, sifiri ne. Idan na bi ta y ma haka. To ai wuraren da muke nema, tudu da kwari da sirdi, duk wurare ne da gangara ke zama sifiri ta fuska biyun. A nan kuwa… ko'ina haka yake. Shi ya sa lemon ba shi da inda za shi."

"To ko'ina tudu ne?"

"A'a. Sai an duba yadda wurin ya lanƙwasa. Wannan kuma ba ta lanƙwasa ba ko kaɗan, don haka gwajin lanƙwasa zai ba da sifiri, ba zai ce komai ba."

"Gaskiya ne," in ji Dakta. "Ka samu makin gaskiya, kuma ba shi da yawa. Na ce tudu, kwari, sirdi. Kana da sauran lokaci kaɗan."

Nasrullahi ya juya ya ga Manniru. Ya dube shi tun daga kai har ƙafa, irin kallon da mahauci ke yi wa sa.

"Cire takalmi."

"Ni?"

"Hau."

Ɗangoggo ya yi tsalle ya tare. "Kai, kai! Alhaji ya ce kada a cire leda!"

"Ba za a cire ba, Kawu. A kan ledar zai hau."

Ɗangoggo ya tsaya yana juya maganar, bai ga inda ta saɓa umarni ba, ya ja da baya. Manniru ya hau da safa. Katifar ta ɗan yi ajiyar zuciya, amma ba ta lotsa ba. Alhaji bai yi ƙarya ba.

"Nauyin ya bazu ne," in ji Khairat, wadda fushinta ya fara komawa sha'awa. "Ɗaga ƙafa ɗaya. Tsaya a kan diddige."

Manniru ya ɗaga ƙafa kamar shamuwa, yana lilo da hannuwa. Diddigensa ya nutse, ledar ta tattare, katifa ta yi rami. Nasrullahi ya ajiye lemo kusa, lemo ya gangara ya daki ƙafar Manniru. Aji ya ɗauki sowa.

"Kwari," in ji Nasrullahi. "Duk inda na ajiye shi a kewayen nan, nan zai dawo. Kuma ba ya kewaye-kewaye, hanyar da ta fi tsananin sauka yake bi."

"Ɗaya," in ji Dakta.

Aka kira Umar Farouk, shugaban aji, wanda shi ma ba baya ba ne wajen tuwo. Ya hau ya tsaya kusa da Manniru a kan diddige ɗaya, suka dafa kafaɗun juna don kada su zube. Nasrullahi ya durƙusa ya cusa kai tsakanin ƙafafunsu. Khairat ta haska masa da fitilar waya. Ya bi da yatsa daga diddigen Manniru zuwa na Umar Farouk: hawa, sai wata 'yar gaɓa, sai sauka. Ya sake bi ta ɗaya fuskar, daga gaba zuwa baya, ta kan gaɓar nan: sauka, sannan hawa. Ya tsaya cak. Shekara biyu yana rubuta wannan abu a takarda, yau ne ya fara taɓa shi da hannu.

"Ma! Wuri ɗaya ne, amma ta nan shi ne sama, ta nan kuma shi ne ƙasa. Shi ya sa ba a yarda da fuska ɗaya. Idan na riƙe y na bi x kaɗai, zan rantse tudu ne. Idan na riƙe x na bi y, zan rantse kwari ne."

"Kada ka rantse. Me kake kiransa?"

"Sirdi."

"Biyu. Saura tudu."

"Nasrullahi, ka yi sauri," in ji Manniru. "Ƙafata ta fara magana."

Tudu ne matsalar. Wani daga baya ya ce a cusa kular Manniru a ƙarƙashi, Manniru ya ce sai dai a cusa mai maganar. Wata ta ce wani ya shiga ƙasan katifa ya turo da baya. Nasrullahi bai ji su ba, yana durƙushe yana kallon gaɓar nan. Ba zai iya ɗaga katifa ba. Amma tudu ai ba sai ya fi ko'ina tsayi ba, ya dai fi maƙwabtansa. Idan aka danne duk abin da ke kewaye da wuri, wurin ya zama tudu ba tare da ya motsa ba.

"Ina son mutum biyu," ya ce. "Ramuka huɗu, kusurwa huɗu. Tsakiyarsu zai fi duk kewayensa tsayi."

Amir, wani dogo daga layin gaba, ya cire takalmi ya hau. Na huɗu ne ya gagara, domin sauran mazan ajin sun ga yadda gumi ke zuba daga Manniru, kowa ya duƙufa a kan littafinsa kamar mai nazari.

"Kawu," in ji Nasrullahi.

"Ni? Katifar Alhaji? Da ƙafata?"

"Idan kana kai, kai za ka fi kowa ganin ba a yaga leda ba."

Ɗangoggo ya sake tunani. Ya cire takalmi ya jera su, ya yi bismillah, ya hau. Da yake ba shi da nauyi, Khairat ta rataya masa jakarta a wuya, ta ƙara da ta Nasrullahi, ta ɗora kular Manniru a kan hular dattijon, ya riƙe da hannu ɗaya. Maza huɗu suka yi da'ira, kowa a kan diddige ɗaya, hannuwa a kafaɗun juna, suna tangaɗi a hankali. Dakta Catherine ta tattara zaninta ta sunkuya tana leƙe ta tsakanin ƙafafu. Nasrullahi ya miƙa hannu ya ɗora lemo a tsakiya, ya saki a hankali. Lemo ya tsaya. Ya ɗan taɓa shi, ya gangara wajen Amir. Ya mayar, ya taɓa ta wata fuskar, ya gangara wajen Umar Farouk.

"Ko'ina sauka ce," ya ce, ya mayar da lemon tsakiya. "Tudu."

"Uku," in ji Dakta. Amma ba ta miƙe ba. "Tambaya ɗaya. Wannan ba ya cikin abin da ka haddace, na sani. A ce Manniru ya sauka, sauran ukun suna nan. Ina lemo zai tafi, kuma don me?"

"Ma," in ji Manniru da ƙyar, "ya amsa da wuri, don amsar na tafe."

Nasrullahi ya rufe ido. Idan Manniru ya sauka, raminsa zai cike, gefensa ya taso. Tsakiya ba za ta ƙara zama tudu ba, za ta zama gefen gangara mai kallon nesa da Manniru. Amir na dama, Umar Farouk na hagu, jan da suke yi ya kashe juna. Wanda ke daura da Manniru, kusurwa da kusurwa, shi ne ya rage.

"Wajen Kawu Ɗangoggo. Gefen Manniru zai taso, hanyar da ta fi sauka ta koma kishiyarsa."

Bai rufe baki ba safar Manniru ta zame a kan leda. Ya tafi da baya, ya zauna daɓas a kan siminti. Katifa ta taso a gefensa. Lemon ya ɗan yi jim kamar mai shawara, sannan ya mirgina ya bi tsakanin Amir da Umar Farouk, ya je ya kwanta a gindin diddigen Ɗangoggo.

Ajin ya rikice. Wasu na buga benci, wasu na kiran sunan Ɗangoggo kamar ya ci ƙwallo. Dakta ta miƙe tana dafe da ƙugu, ta koma teburinta ta rubuta maki, ta juyo da takardar yadda Nasrullahi zai gani. Ya duba, ya sake dubawa. Kaɗan ta rage, kuma abin da ta ba shi ya kai shi inda ko matsakaicin ƙoƙari ya yi a jarrabawa zai haye.

"Abin da na cire na katifa ne, don bai zo da shirinsa ba," ta ce. "Jarrabawa kuma babu lemo. Ka riƙa rufe ido kamar yadda ka yi yanzu."

"Na gode, Ma."

Amir da Umar Farouk sun riga sun sauka suna murza ƙafa. Khairat na tattara takardunta tana cewa ko ba komai wata rana za ta je Karshi ta gwada ƙa'idarta. Ɗangoggo kaɗai ya rage a kan katifa, ƙafa ɗaya a sama, jaka biyu a wuya, kula a kai, bai motsa ba.

"Injiniya," ya ce a hankali, ba tare da ya juya wuya ba, "mun ci ne, ko in ci gaba da tsayuwa?"